Waiwaye: Yadda The Specials suka naɗi "Ghost Town" a 1981

A Jamaika aka haifi kiɗan ska, wajen ƙarshen shekarun 1950. Kiɗan rawa ne mai sauri, jita na sara a tsakanin bugun ganga, masu busa na biye da ita. Zuwa 1966 ya lafa ya koma rocksteady, daga nan sai reggae. Jamaikawan da suka ƙaura Ingila kuwa da fayafayansu suka tafi, 'ya'yan maƙwabtansu Turawa suka tashi da kiɗan a kunne.

Cikin irin waɗannan samari ne Jerry Dammers ya haɗa ƙungiyar mawaƙa ta The Specials a Coventry, garin ƙera motoci, farare da baƙaƙe a ƙungiya ɗaya. A 1979 ya kafa kamfanin faifai na 2 Tone. Salonsu shi ne ska da aka zuba wa zafin punk, wani kiɗan rock mai tsauri: gudu, ihu, gumi.

To amma zuwa 1981 babu sauran abin tsalle a Coventry. Masana'antu na sallamar ma'aikata, gidajen rawa na rufewa, marasa aikin yi a Birtaniya sun kai wajen miliyan 2.5. Su kansu 'yan ƙungiyar sun gaji da juna, wasu ko gaisawa da ƙyar.

Da aka zo naɗar waƙar "Ghost Town", wato garin fatalwa, Dammers ya yi abin da ba a zata ba. Maimakon babban situdiyo mai layin naɗi 24 (wato sauti 24 da za a iya naɗa daban-daban), irin wanda suka yi faifansu na baya a ciki, sai ya zaɓi Woodbine, wani ɗan ƙaramin wuri a Leamington Spa mai layi 8 kacal. Ya kuma ɗauko John Collins, wanda ya san kan sautin reggae, ya ba shi ragamar aikin. A watan Afrilu aka yi naɗin, watan da rikicin Brixton ya ɓarke a Landan.

A ganina, wannan ƙuncin ne ya yi wa waƙar rana. Layi 8 ba ya ɗaukar almubazzaranci. Duk abin da ba dole ba, waje. Ganga da bes aka fara kafawa, da nauyi irin na reggae, sannan aka riƙa ɗora saura ɗaya bayan ɗaya. Aka rage gudu ƙwarai. Sarewa ta shigo da wata murya mai kama da ta ƙasashen gabas, Rico Rodriguez, tsohon hannu daga Jamaika, ya busa tirombon, amshin kuma ya fito kamar kukan fatalwa. Har ƙugin iskar da ke buɗe waƙar, na'ura ce ta yi shi. Daga baya Collins ya kwashi kaset ɗin zuwa gidansa a Tottenham, can ya tace sautin. Masu cewa wannan ba ska ba ce suna da hujja, sai dai saran jitar nan yana nan daram.

An saki waƙar ranar 12 ga Yuni, ta hau saman jadawalin Birtaniya a Yuli, ta yi mako uku a can, daidai lokacin da tarzoma ke cin Toxteth a Liverpool da wasu biranen. Ba a daɗe ba uku daga 'yan ƙungiyar, Terry Hall da Neville Staple da Lynval Golding, suka fice, suka kafa tasu mai suna Fun Boy Three.