Wai Barira sunan yanka ne? Ga amsa, a bar ni in huta

Tun ranar da aka raɗa wa 'yata Barira nake amsa tambayoyi iri ɗaya, a layinmu nan Gwammaja, a masallaci, har a waya. To ga su gaba ɗaya.

Na yanka ne ko laƙabi?

Na yanka ne. Rago ya tafi a kansa.

Ba sunan tsofaffi ba ne?

Su tsofaffin da furfura aka haife su?

Me yake nufi?

Larabci ne. Barir su ne 'ya'yan bishiyar arak, wadda ake samun aswakin nan da kuke saya a bakin masallacin Juma'a, ƙwaya ɗaya kuma barira. Wasu malaman suna kai shi ga birru, wato kyautatawa.

Akwai sahabiya mai sunan?

Haba jama'a, a dinga zuwa islamiyya mana. Baiwa ce a Madina, ta yi yarjejeniyar fansar kanta a kan ukiya 9 (wani awon kuɗi ne na wancan zamani), ɗaya duk shekara, Nana A'isha ta saye ta ta 'yanta ta. Da ta samu 'yanci aka ba ta zaɓi kan mijinta Mugisu, ta ce ta haƙura da shi, yana bin ta yana kuka har hawaye na jiƙa masa gemu. Annabi (SAW) ya sa baki, ta tambaya ko umarni ne, ya ce ceto ne kawai, ta ce ba ta da buƙatar Mugisu. Yana cikin Bukhari.

An ce an hana sa shi?

Sunan Barra ne aka canza wa wasu mata, saboda yabon kai, suka koma Zainab da Juwairiyya. Barira a gidan Annabi take hidima, ba a taɓa nata ba.

Sunan surukata ne, ba zan iya faɗa ba, ko in sa Ummi a takardu?

To 'yar'uwa, nan sai a hankali. Alkunya gaskiya ce, ba wanda zai ce ki tsaya tsakar gida kina ƙwala kiran sunan uwar mijinki, ki kira ta Ummi ko Mama ko Hajiya duk daidai ne. Amma takarda ba ta san kunya ba, in kika sa Ummi a takardar haihuwa, baban ya je firamare ya ce Barira, wani malami kuma ya rubuta Bariratu, ranar da za ta yi NIN ko JAMB za ku sha zirga-zirga, wataƙila har da takardar rantsuwa a kotu. Ni dai shawarata, kuma ya danganta da gidanku, wasu surukan ba ruwansu wasu kuwa abin ya zama magana, ki rubuta sunan a 'yar takarda ki miƙa wa ma'aikacin ba sai kin furta ba, ko ki tura baban. Ku zaɓi rubutu ɗaya, Barira ko Bareera, ku tsaya a kai. Kar ki tada hankalinki, ba ke kika fara ba.

Ba za a tsokane ta a makaranta ba?

Za a yi. Har masu suna Fatima ana tsokana.