Waiwaye: tambayar Higman da ta shekara 61 tana jiran amsa

A Jidda, bayan sallar isha'i, wani ƙanena da ke karatun lissafi ya miƙo mini takarda ya ce, "Yaya, duba wannan." Ya ɗauki x wanda idan aka ninka shi da kansa sau 5 ake samun 1, ya ninka (x + x⁴ − 1) da (x² + x³ − 1). Komai ya cinye juna, saura 1 cak. Har yau wannan ɗan lissafi yana burge ni, domin nan ne bakin zaren.

Abubuwa biyu ne a wannan lissafi: malamansa Larabawa na cewa zumra da halƙa, mu kuwa mu ce rukuni da zobe. Rukuni tarin abubuwa ne, wato 'ya'yansa, da idan an ninka biyu daga ciki ake samun ɗaya daga cikinsu, kuma kowanne na da abokin da ke mayar da shi 1, kamar 1, x, x², x³ da x⁴ na ƙanena. Ka ɗauki rukuni mai iyaka, ka ninka 'ya'yansa da cikakkun lambobi, ka tara su, ka sami zobe. A ciki, waɗanne ne masu juyi, wato masu abokin da idan an ninka su tare ake komawa 1?

Graham Higman na Ingila ne ya buɗe fagen a 1940. Ya tantance rukunan da masu juyinsu ba su wuce 'ya'yan rukunin da kishiyoyinsu masu alamar ragi ba. Rukunin ƙanena mai 'ya'ya 5 ba ya cikinsu, domin (x + x⁴ − 1) mai juyi ne alhali ba ɗan rukunin ba ne, ba kuma kishiyar ɗansa ba. Sannan ya bar tambaya: in zobba biyu sun zama iri ɗaya, dole ne rukunansu ma su zama ɗaya?

Shekara da shekaru, duk inda aka gwada sai a ga eh. Whitcomb a 1968, Roggenkamp da Scott a 1987, kowa ya tabbatar da haka ga wani babban kaso na rukunai. Sai a 2001 Martin Hertweck na Jamus ya fito da rukunai biyu mabambanta masu zobe iri ɗaya, kowanne da 'ya'ya 2²¹ × 97²⁸. A ganina ba laifin magabata ba ne, wa zai kai hannu can da alli da allo?

Hasashen da Zassenhaus ya yi a 1974 a kan masu juyin da idan aka yi ta ninka su da kansu suke zagayowa su koma 1, shi ma haka ya ƙare. A 2017 Eisele da Margolis suka rushe shi da rukuni mai 'ya'ya sama da miliyan 100.

Ƙanena ya karɓi takardarsa, ya ce gobe zai gwada rukuni mai 'ya'ya 7.