Ƙananan Jiragen Ƙasa da Tsofaffin Gadojin Katako: Tambayoyi da Amsoshi

A Amurka da Kanada da ƙasashen Turai akwai mutanen da suke keɓe ɗaki guda a gidajensu, su shimfiɗa ƙanƙanen layin dogo, su gina tsaunuka da tashoshi da ƙauyuka a gefensa, sannan su riƙa tafiyar da ƙananan jirage masu aiki da lantarki a kai. Daga cikin abubuwan da suke ginawa, kaɗan ne suka kai tsohuwar gadar katako mai ƙafafu daraja a wurinsu.

Shin wannan ba wasan yara ba ne?

Da wasan yara ya fara, amma ya daɗe da wuce nan. A shekarar 1891 kamfanin Märklin na Jamus ya baje kolin ƙananan jirage masu layin dogo mai daidaitaccen faɗi a kasuwar birnin Leipzig, kuma a 1900 aka kafa kamfanin Lionel mai ƙera irin waɗannan jirage a New York. Da manya suka shigo cikin harkar sai manufarta ta sauya, ta koma kwaikwayon jirgin gaske daidai da awonsa, har a 1935 aka kafa NMRA, ƙungiyar masu ƙananan jiragen ƙasa ta Amurka, a birnin Milwaukee domin tsara ƙa'idojin da za su sa taragon wani kamfani ya iya hawa layin wani kamfanin.

Ma'auni shi ne ginshiƙin al'amarin. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne HO, inda ake rage kowane abu sau 87, faɗin layin kuma ya zama milimita 16.5. Sai ma'aunin N, mai ragi sau 160 da layi mai faɗin milimita 9. Duk wanda ya taɓa zama ya ƙera motar kara yana yaro ya san irin daɗin da ke cikin wannan aiki. Bambancin shi ne a nan ba a yarda da ƙiyasin ido ba, komai sai an auna, tun daga tsayin bututun hayaƙi har zuwa kaurin ƙofar tarago.

Wace iri ce gada mai ƙafafu, kuma da me ta bambanta da sauran gadoji?

Ita ce wadda Turawa ke kira trestle. Gadar da aka saba gani tana da ginshiƙai kaɗan masu nisa da juna, kuma ƙarfinta yana cikin dogon ƙarfen da ya haɗa su. Wannan kuwa jerin ƙafafu ne masu yawa kusa da kusa, tazarar da ke tsakaninsu takan kasance mita 4 zuwa 5 idan ta katako ce. Kowace ƙafa dirkoki ne huɗu ko biyar ko shida a jere: na tsakiya a tsaye cak, na gefe kuma a karkace suna buɗewa ta ƙasa domin su tare jijjigar jirgi da bugun iska. A samansu ana gicciya gungume guda da ke haɗa kawunansu, a kuma ɗaure su da falankai masu gilma juna. Daga nan sai a shimfiɗa dogayen katakai daga ƙafa zuwa ƙafa, a jera gajeru a kansu, a ɗora ƙarfen dogo. Idan kwarin yana da zurfi, sai a yi ta ɗora hawa kan hawa har a kai tsayin da ake nema.

Me ya sa aka gina su da yawa a Arewacin Amurka?

Dalilin farko araha ne, na biyu kuma gaggawa. A ƙarni na 19 kamfanonin jiragen ƙasa suna tseren shimfiɗa layi cikin dazuzzuka da duwatsu, itace yana nan jingim a gefen hanya, ƙarfe kuwa sai an yi jigilarsa daga nesa da tsada. Kafintoci suna iya tsayar da gadar katako cikin makonni, jirgi ya fara wucewa, kuɗi su fara shigowa. Da yawa daga cikinsu ma tun farko ba a gina su don su dawwama ba. Bayan 'yan shekaru sai a riƙa kawo taragu cike da ƙasa da tsakuwa ana juyewa daga saman gadar har ta binne ta zama tudu, ko kuma a maye gurbinta da ta ƙarfe. Wasu sun yi tsawo na ban mamaki: layin da aka ratsa da shi ta Babban Tafkin Gishiri na jihar Utah a 1904 yana da gadar katako mai tsawon kimanin kilomita 19.

Akwai waɗanda suka rage har yanzu?

Akwai, sai dai wuta da ruɓa sun ci yawancinsu. Kan jirgi mai aiki da kwal yana zubar da tartsatsi, katakon kuma an jiƙa shi da wani baƙin mai domin kare shi daga ruɓa, wanda hakan ke sa shi saurin kamawa. Shi ya sa a da ake jera gangunan ruwa a gefen gadojin.

A tsibirin Vancouver na Kanada akwai gadar Kinsol a kan kogin Koksilah, wadda aka kammala a 1920, tsayinta mita 44, tsawonta kimanin mita 187. Jirgi na ƙarshe ya ratsa ta a 1979, ta yi shekaru tana lalacewa, kafin a gyara ta a buɗe ta ga masu tafiya a ƙafa da masu keke a 2011. A kwazazzabon Myra, kusa da garin Kelowna na Kanada, gobarar daji ta 2003 ta cinye gadojin katako 12 daga cikin gadoji 18 da ke wurin, aka sake gina su aka buɗe a 2008. A hamadar kudancin California kuwa akwai gadar Goat Canyon, mai lanƙwasa, wadda aka gina a 1933 bayan da wani ramin jirgi da ke cikin dutse ya rufta. An zaɓi katako a kan ƙarfe ne saboda tsananin bambancin zafin rana da sanyin dare a wurin yana gajiyar da ƙarfe. Na ƙarfen ma ba su tsira duka ba, domin a 2003 guguwa ta kayar da hasumiyoyi 11 daga cikin 20 na gadar Kinzua a jihar Pennsylvania.

To me ke jan hankalin masu ƙananan jirage zuwa gare ta musamman?

A ganina babban dalili shi ne irin wannan gada ba ta ɓoye komai. Mai kallo yana iya bin nauyin jirgin da idonsa, daga ƙarfen dogo zuwa katakon shimfiɗa, zuwa gungumen sama, zuwa dirkoki, har ƙasa, kuma babu wani falanki da aka sa don ado. Saboda haka wanda zai kwaikwaye ta dole ne ya fahimci yadda take aiki, in ba haka ba kuskurensa zai fito fili. Tasha ko gida ana iya yin su da kwali a shafe da fenti, amma ita sai an gina ta kamar yadda kafintocin farko suka yi, ƙafa bayan ƙafa, kuma da gaske take ɗaukar nauyin ƙaramin jirgin da zai bi ta kanta. Ga kuma kyan gani: jirgi yana tafe a sama, haske yana ratsa tsakanin katakai, kwari yana ƙasa.

Yaya ake gina ta a ƙaramin ma'auni?

Ana farawa da zane da hotunan gadar gaske. Dirkar da kaurinta ya kai santimita 30 takan koma milimita 3.5 a ma'aunin HO, tazarar ƙafafu kuma ta koma kimanin santimita 5. Ana sayen siraran katakai da aka yanka daidai wannan awo, kuma ƙwararru sukan rina su tun kafin a haɗa, sau da yawa da baƙar tawada da aka tsarma sosai, domin duk inda gam ya taɓa rini ba ya kamawa, sai wurin ya bar farin tabo. Ba a rina su launi ɗaya, tunda a gadar gaske wani katakon sabo ne, wani ya sha rana ya yi toka-toka.

Daga nan sai magini ya manna zanen ƙafa guda a kan allo, ya kafa 'yan sanduna a gefen layukan zanen, yadda kowace dirka za ta kwanta a gurbinta ba tare da ta goce ba. A kan wannan allo zai haɗa ƙafafun ɗaya bayan ɗaya, duk su fito da karkata iri guda. Da yawa sukan haɗa gadar a kife, shimfiɗar sama tana kwance a kan tebur, domin saman ya daidaita sarai. Idan ya karkace ko da milimita guda, tarago na iya sauka daga layi. Tsaunin da kwarin su ake ginawa daga baya su dace da ƙafafun. Masu tsananin kula har kawunan kusoshi suke mannawa a kowace mahaɗa, da gangunan ruwan kashe gobara.

Wane irin fili ake bukata?

Gadar Kinsol a ma'aunin HO za ta kai tsawon mita 2 da ɗoriya, tsayinta rabin mita. Babbar gadar ƙarfe ta Lethbridge a lardin Alberta na Kanada, wadda aka gama a 1909 mai tsawon mita 1,624, za ta ci fiye da mita 18. Don haka yawancin magina sukan rage yawan ƙafafu su riƙe siffar, ko su koma ma'aunin N.

A ina ake ganin fitattun ayyuka na wannan fanni?

Gidan tarihin ƙananan jiragen ƙasa na birnin San Diego yana da kwaikwayon gadar Goat Canyon, wadda ita kanta ta gasken sai an yi doguwar tafiya a ƙafa cikin hamada ake isa gare ta. A Hamburg ta Jamus akwai Miniatur Wunderland, gidan baje kolin ƙananan jirage da aka buɗe a 2001, inda aka kwaikwayi ƙasashe da dama a ma'aunin HO. A tsakanin maginan Amurka kuwa har gobe ana ambaton John Allen na garin Monterey, wanda ya cika ƙarƙashin gidansa da tsaunukan da suka sauko har daɓe da gadoji masu yawa. Ya rasu a watan Janairun 1973, kuma kwana 10 bayan rasuwarsa gobara ta lalata aikin, babban abin da ya rage shi ne hotunan da ya ɗauka da kansa, waɗanda magina ke nazari a kansu har yanzu.