Rangadin yini guda a tsohon birnin Agadas

Rangadin yini guda a tsohon birnin Agadas wani tsari ne na yawon buɗe ido inda mutum ɗaya, ko iyali, ko ƴan abokai kaɗan suke ɗaukar ɗan jagora na kansu, wani sa'in har da mota da direba, ya zaga da su wuraren tarihin garin daga sassafe zuwa faɗuwar rana. Ya bambanta da fitar da ake haɗa baƙin da ba su san juna ba a mota guda, ya kuma bambanta da doguwar tafiyar hamadar Tenere ko duwatsun Abzin mai cin mako ko fiye. A Yamai da Tawa, inda galibi ake ƙulla cinikin tun kafin a kama hanya, an fi kiran ɗan jagoran da "gid", motar kuma "kat-kat", duka daga Faransanci. Tsohon garin ƙarami ne, ƙafa ma tana gama shi, saboda haka abin da baƙo yake biya a gaskiya shi ne iso: ɗan gari wanda za a buɗe wa ƙofar gida, a bar shi ya hau hasumiyar babban masallaci da baƙonsa, a karɓi gaisuwarsa a fada.

Tarihin birnin

Labarin baka na Gobirawa yana cewa kakanninsu sun zauna a ƙasar Abzin kafin Abzinawa su matsa musu su gangaro kudu. Sarautar Abzin kuwa ana danganta kafuwarta da wajajen 1405, da wani sarki mai suna Yunus. Masu ba da labari a fada suna cewa ƙabilun Abzinawa ne suka gaji da rigimar junansu, suka aika Santambul a ba su sarkin da ba na kowa ba. Masana tarihi da dama ba su ɗauki batun Santambul a matsayin tabbas ba, amma sun yarda cewa aikin sarkin tun farko sulhu ne da tsaron hanyar fatake. Fadar ba a Agadas ta fara ba; an dawo da ita nan ne wajajen tsakiyar ƙarni na 15.

Daga lokacin garin ya zama zangon ayari tsakanin ƙasar Hausa da Gat da Gadamus da Tarabulus, ga kuma hanyar gishiri da dabino ta Fashi da Bilma. Askiya Muhammadu na Songhai ya kai wa Agadas yaƙi a farkon ƙarni na 16, ana ambaton 1500 da kuma 1515, kuma wannan zamani ya bar baya da wani karin harshen Songhai da aka daɗe ana yi a garin kafin ya ɓace. Yau Hausa ce harshen kasuwa da na unguwa, tare da Tamajak. Mutumin Tawa ba ya bukatar tafinta a Agadas, sai dai kunnensa zai ji karin ya ɗan sha bamban da na Adar, wato ƙasar Tawa.

Akwai ma zumuncin da ya fi na harshe. A wajajen 1674 Agabba, ɗan Sarkin Abzin Muhammadu al-Mubarak, ya ci ƙasar Adar, kuma daga zuriyarsa sarautar Adar ta Illela ta fito. Wannan ne ya sa ɗan jagora mai wayo, idan ya ji baƙonsa Ba'adare ne, yakan fara labari daga Agabba, ya ce masa gida ya zo.

Babban masallacin garin shi ne abin da kowa yake zuwa dominsa. Ana cewa an gina shi wajajen 1515, ana kuma danganta ginin da wani waliyyi mai suna Zakariya. An sake gina hasumiyar a 1844. Tsawonta mita 27 ne, ta laka ce tun daga tushe har ƙoli, faffaɗa a ƙasa tana tsukewa a sama, da itatuwa da suka tsittsiro daga jikinta ta kowace fuska. Itatuwan suna riƙe ginin, kuma su ne matakalar magina idan lokacin yaɓe ya yi. An ce a da daga samanta ake hango ayari ko mahara tun suna nesa. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya iso Agadas a watan Oktoba na 1850, ya yi kimanin mako uku, ya tarar da hasumiyar sabuwa amma unguwanni da yawa sun zama kufai, domin fatauci ya ja baya. Gidan da ya sauka yana nan, ana nuna wa baƙi.

Faransawa sun ratsa garin a 1899, sun kuma kafu a cikinsa a farkon ƙarni na 20. A watan Disamba na 1916 Kawusan, wani jagoran yaƙin Abzinawa, tare da goyon bayan Sarkin Abzin Tagama, ya yi wa barikin Faransawa ƙawanya har zuwa watan Maris na 1917, lokacin da dakaru suka iso daga Damagaram. Ramuwar da ta biyo baya ta ci mutanen gari da yawa, har da malamai. An kashe Kawusan a 1919 a yankin Murzuk, Tagama kuma ya rasu a tsare a Damagaram a 1920. Ginin da ake kira fadar Kawusan, daura da masallaci, daga baya ya zama otel.

A 2013 UNESCO ta sa tsohon garin cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Yankin da aka keɓe ya ƙunshi unguwanni 11, cikinsu akwai Katanga da Amarewat da Amdit da Obitara da Akanfaya da Unguwar Bayi. Layukansu a karkace suke, ana kuma bayyana haka da cewa gidajen laka sun zauna ne a gurbin bukkokin da ƙabilu suka fara kafawa, kowace ƙabila da zangonta.

Asalin sana'ar

Jagorancin baƙi a Agadas gadon madugai ne, amma a matsayin sana'ar kuɗi ya bunƙasa ne a shekarun 1970 da 1980, lokacin da Turawa suke ƙetaro hamada da motoci daga Aljeriya, tseren Paris-Dakar kuma yana yada zango a garin. Sunan da ya fi fice a wannan zamani shi ne Mano Dayak, wanda ya kafa kamfanin yawon hamada na Temet, daga baya ya zama ɗaya daga cikin jagororin tawaye, ya rasu a haɗarin jirgin sama a watan Disamba na 1995. Da sunansa ake kiran filin jirgin saman Agadas. A wancan lokaci zagayen cikin gari ɗan ƙari ne kawai: yinin da baƙo yake hutawa kafin ya shiga Tenere ko bayan ya fito.

Tawayen 1990 zuwa 1995 ya tsayar da harkar, ta farfaɗo har jirage suna sauka kai tsaye daga Faransa, sai tawayen 2007 zuwa 2009 da sace Turawa a Arlit a watan Satumba na 2010 suka sake durƙusar da ita. Gid da yawa sun koma wasu sana'o'i. Waɗanda suka rage sun karkata ga baƙin gida: ma'aikatan da aiki ya kai su garin, ɗaliban jami'a, ƴan kasuwa, iyalan da suka zo biki suka ce bari su ga hasumiya da idonsu. Ta haka rangadin yini guda ya tashi daga ɗan ƙari ya koma shi ne cinikin kansa.

Ƙulla ciniki

Hanyoyi uku aka fi bi. Akwai kamfanonin tafiye-tafiye na Yamai, masu haɗa baƙo da wakilinsu a Agadas, su ne mafi tsada kuma mafi yawan takardu. Akwai masaukin da za a sauka, wanda yakan kira gid ɗin da ya saba da shi. Sai hanya ta uku, wadda Hausawan Tawa suka fi amincewa da ita: a tambayi ɗan'uwa ko abokin ciniki da ke zaune a can ya ba da lambar wanda ya sani. Sauran magana a WhatsApp ake ƙare ta, yawanci da saƙon murya.

Ba a da tsayayyen farashi, ciniki ake yi kamar na kasuwa, da tayi da "albarka". Abin da yakan kawo saɓani shi ne abin da ba a faɗa ba tun farko, shi ya sa wanda ya saba yakan bi su ɗaya bayan ɗaya: "Malam, kuɗin nan da mota ne ko ƙafa? Man fa, a kan wa yake? Goron masu gadi, ni zan ba da ko kai?" Gid kuma yakan amsa da tasa tambayar: "Alhaji, ku nawa ne, kuma akwai tsofaffi?" Tambayar tana da dalili, domin hawan hasumiya da tafiya cikin yashi ba na kowa ba ne. Idan an daidaita sai a aika kafin alƙalami ta ɗaya daga cikin kamfanonin aika kuɗi irin su Nita ko Al Izza ko Amana, cikon kuma a biya hannu da hannu da yamma. Baƙon da ya zo daga Najeriya ya kula da lissafin sefa: dala tana nufin faran 5, saboda haka "ɗari" a bakin ɗan Nijar faran 500 ne, jika kuma 1,000.

Kyautar da ake bai wa mai gadin gida ko mai riƙe da makullin hasumiya ba ta cikin lada. Haka ma abin da aka saya wurin maƙera, inda sananne ne gid yana da ɗan kasonsa.

Hanya

"Yini guda" a cikin garin ake ƙirga shi. Daga Tawa zuwa Agadas kimanin kilomita 400 ne ta Tabalak da Abalak, a kan hanyar da aka shimfiɗa a ƙarshen shekarun 1970 domin jigilar yuraniyom daga Arlit. Daga Yamai kuwa ya haura 900, ta Doso da Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni. Wurare da dama na hanyar sun lalace. Mai tasowa daga Tawa a motar kamfani irin Rimbo ko STM ya ware kwana uku: na zuwa, na rangadi, na komowa.

Tsarin yinin

Galibi da fada ake farawa, tun rana ba ta yi zafi ba. Gid yana yin iso wurin dogarai, a tuɓe takalma, a yi "ranka ya daɗe" idan an dace sarki ya fito; idan ba a dace ba, a tsaya a zaure da farfajiya. Daga nan masallaci taku kaɗan ne. Hawan hasumiya da izinin masu kula da ita ake yi, kuma ba a lokacin salla ba. Matakalar tana murɗawa a cikin duhu, sai ɗan hasken da ke shigowa ta ƙananan tagogi, tana kuma ƙara matsewa har mai jiki ya koma tafiya a karkace, kafaɗarsa tana gogar laka. A sama wurin tsayuwa bai fi na mutum kaɗan ba. Daga can ana ganin rufin soraye jajaye-jajaye, da fada a ƙasa, da duwatsun Abzin can arewa idan babu hazo. Farar riga ba ta saukowa fara.

Bayan haka sai cikin unguwanni: gidan Barth, gidan alƙali, tsohuwar kasuwar Tamallakoy, da gidan Sidi Ka wanda aka fi sani da gidan mai burodi, inda aka ƙawata bangon ciki da zanen laka mai tudu da ƙananan gurabun ajiya. Yawancin waɗannan gidaje da mutane a ciki, don haka sallama ake yi a jira, kuma ba a ɗaukar hoton matan gida sai an tambaya.

Da azahar ana hutawa. La'asar ta maƙera ce da dukawa. Maƙerin azurfa yana fara siffanta kurus ɗin Agadas, wato abin adon nan mai kama da gicciye, da kakin zuma, ya lulluɓe shi da yumɓu, ya gasa har kakin ya narke ya tsiyaye, sannan ya zuba narkakkiyar azurfa a gurbin, ya fasa yumɓun, ya zauna da ƙananan kayan aikinsa yana gogewa yana zane. Ana lissafa irin waɗannan kurus 21, kowanne da sunan garinsa, Tawa ma tana da nata. Wasu baƙi sukan ƙara da kasuwar raƙuma a bakin gari, a rufe yinin da shayi a kan soro ana kallon hasumiya har a kira magariba.

Garin Ingal da zanen raƙuman dawa na kan dutse a Dabus sun yi nisa, ba sa shiga yini guda tare da zagayen gari.

Lokaci

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi daɗi. A Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40. Bikin Biyanu, wanda ake yi a watan Muharram, yana cika gari da masauki.

Tsaro da kiyaye gine-gine

Ƙasashen Turai da Amurka sun daɗe suna gargaɗin mutanensu game da yankin, kuma hukumomin Nijar suna gindaya wa baƙin waje sharaɗin rakiyar jami'an tsaro idan za su fita Yamai. An sace Turawa biyu a cikin garin Agadas a farkon 2025. Dokar hana safarar baƙin haure ta 2015, wadda aka soke a watan Nuwamba na 2023, har yanzu ana saɓani kan abin da ta jawo wa direbobi da tsofaffin gid. Akwai kuma ƙorafin wasu mazauna tsohon gari kan ƙa'idar da ta taƙaita gini da siminti, musamman bayan ruwan daminar 2024 da ya rusa gidajen laka a unguwanni da dama.