Waiwaye: Yadda Sadin Ya Yi Ƙaranci a Tekun Gana

Tun kafin gwamnati ta sa hannu a harkar su, masuntan bakin tekun Gana suna da tsarinsu. A yawancin garuruwa ba a shiga ruwa ranar Talata, kuma sarkin masunta ke raba gardama. Kifin sadin, wanda mata ke bandarwa a kai shi har kasuwannin Kumasi da Tamale, shi ne naman talaka.

Da aka ɗora wa kwale-kwale inji, gwamnati kuma ta soma sayar wa masunta mai da rangwame a shekarun 1990, sai kowa ya faɗa ruwa. A 1996 an kama sadin fiye da tan dubu 130. A 2016 bai kai dubu 30 ba. Masunta ma suna da nasu laifin: masu kunna fitila da dare su tara kifi, masu raga mai ƙananan idanu, har masu jefa nakiya.

Amma babbar ɓarnar ita ce saiko. Manyan jiragen da aka ba lasisin kama kifin ƙasan teku sai su kwashe ƙananan kifaye, har waɗanda ba su isa yin ƙwai ba, su daskarar da su falle-falle, su sayar wa wasu kwale-kwale a tsakiyar teku, a sauke a garin Elmina da ke bakin teku. Mai banda da mijinta ya dawo hannu rabbana, dole ta sayi wannan ƙanƙarar. Ƙungiyar kare muhalli ta EJF ta ƙiyasta kusan tan dubu 100 aka sauke ta wannan hanya a 2017, ta kuma ce kamfanonin Sin ne ke bayan mafi yawan jiragen, ko da yake tutar Gana suke ɗauke da ita.

Tarayyar Turai ta ba Gana katin gargaɗi kan kamun kifi ba bisa ƙa'ida ba a 2013, ta janye a 2015, ta sake bayarwa a 2021. A 2019 aka fara hana kwale-kwale fita na wata guda. Hutun yana da amfani, sai dai zalunci ne a ce wa mai ci daga hannu zuwa baka ya haƙura alhali ba a taka wa manyan jirage birki ba.

A 2025 sabuwar doka ta faɗaɗa yankin da aka keɓe wa ƙananan masunta daga mil 6 zuwa 12 daga gaɓar teku. Madalla da ita. Abin da ke damuna shi ne sintiri da hukunci, domin dokar kamun kifi ta 2002 ma ta haramta saiko, aka kuma yi shekaru ana sauke shi a bainar jama'a.