Tsohon kan sarki ba lallai ya yi kuɗi ba

Jama'a wanga zancen ya daɗe yana yawo, wai in ka tsinci tsohon kan sarki a akwatin kakanka shikenan ka haye. Ba haka abin yake ba wallahi.

Kan sarkin farko a duniya, Penny Black, Ingila ta fitar da shi a 1840, amma an buga sama da miliyan 68, shi ya sa har yau ana samunsa kuma wanda aka yi amfani da shi kuɗinsa bai kai yadda ake zuzutawa ba. Wanda ya yi tsada na British Guiana (ƙasar Guyana ta yanzu) ne na 1856, guda ɗaya tak ya rage a duniya, a 2014 aka sayar da shi kusan dala miliyan 9.5. Ƙaranci ake saye, sai kuma lafiyarsa, haƙoran gefe ba su gutsure ba, damina ba ta sa ya yi tabo ba.

Kan sarkin tunawa da samun 'yancin kan Najeriya na 1960 kuwa da yawa aka buga, mutane suka yi ta ajiyewa, don haka bai yi ƙaranci ba.

Kuma don Allah in yana manne jikin ambulan mai hatimin gidan wayan Birnin Kebbi ko Argungu kar ka ɓanɓare, masu tarawa sau da yawa sun fi son sa a haka, da kwanan wata da komai.