Kariyar katin bashi a Birtaniya ba ta tsaya kan abin da aka biya da katin ba

An daɗe ana cewa a Birtaniya, idan mutum ya sayi kaya mai tsada, kamfanin katin bashi ba zai tsaya masa ba sai ya biya kuɗin gaba ɗaya da katin. Fahimtar tana da kama da gaskiya, amma ba haka doka ta tanada ba.

Sashe na 75 na dokar bashin masu saye ta 1974 ya ɗora wa mai bayar da katin alhaki daidai da mai sayarwa, idan kaya bai iso ba ko ya saɓa wa alkawari. Farashin kaya guda ake dubawa: ya haura fam 100, bai wuce fam 30,000 ba. Wanda ya ba da kafin alƙalami na fam 50 da katin a kan motar fam 8,000, sannan ya cika sauran ta banki, yana iya neman asararsa duka. Motar fam 35,000 kuwa ta fita daga sashen, kuma a ganina wannan iyakar ce ta fi cancantar a kula da ita. Katin cirar kuɗi daga asusu ba ya ciki.

Ana iya karanta sashen a shafin dokokin ƙasar na intanet, a gwada shi da rasit. Don Allah a tura wa 'yan uwa mazauna can wannan bayani.